Hoton da Malam Ya Goge

Yayata Aina'u ko a gabana ba ta taɓa sauya riga ba. Ni fa, Juwairiyya, da muka sha nono ɗaya, muka tashi a kan tabarma ɗaya! Sai ta ce, "Juwaira, juya bayanki," in juya ina ƙunƙuni. 'Ya'yanta biyu, Tahira da Abdulkabir, duk ita kaɗai ta haife su a bayan ƙyaure, sai da aka ji kukan jariri sannan aka kira ungozoma ta zo yankan cibiya. Mutanen ƙauyenmu, Gidan Kanya, can bayan Makoda, suna yabonta a kan wannan, har amare ake yi wa misali da ita. Ni kuwa tun a lokacin haushi abin yake ba ni, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Bakina ba ya ajiye magana, kowa ya san da haka.

Mijinta Malam Sabiru malami ne kuma manomi, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Shi yana karantar da maza a zaure, ita tana karantar da matan aure a tsakar gida bayan la'asar. Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, gidan aurena kuma ba nisa da nasu, don haka kullum ƙafata tana gidan. Ina tsokanar Malam yadda ƙanwar mata take tsokanar mijin yaya. In ce masa, "Malam, yaushe za ka ƙara mana kuɗin cefane?" Ya yi murmushi ya ce, "Juwaira, Allah ya shirye ki."

Da bazara ne na gane akwai abin da Yaya take ɓoyewa. Na shigo na tarar tana daka da hannun hagu, na dama kuma ta manne shi a jikinta. Na karɓi taɓaryar, sai na ji warin sassaƙe yana tashi daga rigarta. Na ce, "Yaya, me ke damunki?" Ta ce ɗan ƙurji ne. Na ce a ina? Na ja ta ɗaki na tura ƙyaure, na rantse mata ba zan fita ba sai na gani, in ya so yaran gidana su kwana da yunwa. Ta san halina. Ta kawar da kai ta ɗaga gefen rigarta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nononta na dama ya kumbura, ya yi tauri kamar dutse, fatar wurin ta sauya launi. Ashe tun kafin azumi take fama. Malam kuwa ce masa ta yi ƙirjinta ke ciwo, shi ma bai ƙara tambaya ba, ya yi ta yi mata rubutu tana sha. Kunya ta haɗu da kunya, ciwo ya samu wurin zama.

Na ce asibiti. Ta ce ko da wasa. Wai ta je wani namiji ya ce ta buɗe? Na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi. Daga ƙarshe na tuna da Ramlat, 'yar kawunmu, wadda take aikin jinya a wani asibiti a cikin Kano. Na kira ta da 'yar ƙaramar wayata. Ramlat ta ce akwai likita mace, kuma za ta tsaya tsayin daka a ga mace ce ta duba ta. Amma layi yana da tsawo, sai an nuna wa likitar yadda abin yake sannan za ta sa mu gaba. Ta ce a ɗauki hoton wurin a turo mata.

Hoto! Kai, da kun ga idon Yaya da na faɗa mata. Sai ka ce na ce ta fita kasuwa ba zane.

Na daɗe ina bin ta kafin ta yarda, kuma da sharuɗɗa ta yarda. Ni kaɗai zan ɗauka. Kada fuskarta ta fito. Daga Ramlat sai likitar, ba mai gani, har Malam. Da an tura kuma a goge a gabanta.

Babbar waya ɗaya ce a kusa da mu, ta Malam, wadda wani tsohon ɗalibinsa ya kawo masa tsaraba daga birni. Karatun alarammomi yake saurare da ita, sai kuma hotunan gonarsa da yake ɗauka in gero ya yi kyau. Ramlat ta yi ta koya mini ta waya, nan zan taɓa, nan zan danna, har na ɗauka na tura. Yaya ta rufe ido tana karanta wani abu a hankali, hawaye yana bin kuncinta. Da aka zo gogewa sai na rikice, dole na kira Malam. Na rufe hoton da tafin hannuna, shi kuma ya kawar da fuska, ya danna inda Ramlat ta ce, ya taɓa alamar kwandon shara. Hoton ya ɓace daga cikin hirarsu da Ramlat. Ya miƙa wa Yaya wayar ya ce, "Kin gani, babu shi. Na goge."

Ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi."

Mu ukun nan ba wanda ya san cewa waya tana da wani wuri daban da take tara duk hoton da aka ɗauka da ita. Wa zai gaya mana? Mun ga abu ya ɓace, mun ɗauka ya tafi.

Washegari Ramlat ta kira. Muryarta ba ta yi mini daɗi ba. Ta ce likita ta gani, ta ce a kawo ta da gaggawa, har yanzu akwai abin da za a iya yi, amma kada a ƙara jinkiri. Ta sa mana rana.

Ranar an yi ruwa da asuba, gero ya fara kai gwiwa, ƙasa tana ƙamshi. Muka shiga motar Usaini, ita ce motar da take jigilar mutanen ƙauyenmu zuwa birni. Malam yana gaba kusa da direba. Ni da Yaya muna baya a gefe ɗaya, ta lulluɓe da dogon hijabinta mai ruwan toka. Kusa da ni akwai Alhaji Nababa mai sayar da taki, da wani maƙwabcin Malam, dukkansu matansu ɗaliban Yaya ne. Sun ɗauka gaisuwar dangi za mu je. A hanya har Yaya ta yi mini raɗa ta ce in an gama mu saya wa Tahira takalmi. Wallahi ranar na ga alamar sauƙi a fuskarta, irin na wanda ya daɗe yana ɗauke da kaya aka ce ga inda zai sauke.

Mun kusa inda gonaki suke ƙarewa gidajen bulo su fara, sai ga shinge. Tayoyi a tsakiyar titi, 'yan sanda a tsaye da bindigogi. Usaini ya gangara gefe. Aka duba takardunsa, aka leƙa bayan mota, ba a ga komai ba sai buhun kuka da kajin Alhaji Nababa. Har Usaini ya kama sitiyari, sai wani matashi a cikin 'yan sandan, dogo mai baƙin gilashi, ya hango kan wayar Malam a aljihun gaba.

Ya ce, "Baba, wannan wayar taka ce?"

Malam ya ce, "Tawa ce, yallaɓai."

"Kawo in gani. Buɗe ta."

To ni, ina tuyar ƙuli rediyo na kunne a gefena, shekara da shekaru. Na sha jin ana shirin tambaya da amsa, lauyoyi suna bayani, har manyan 'yan sandan da kansu suna cewa ba a yarda a tare mutum a hanya a hau binciken wayarsa haka kawai ba. Ban san akwai wani abu a wayar ba, Allah ya sani, raini ne kawai ba na so. Na leƙo ta taga na ce, "Yallaɓai, ba ku da ikon buɗe masa waya. Sai da takardar kotu. A rediyo aka faɗa."

Ya sauke gilashin ya dube ni. Ya ce, "To lauya, je ki kira rediyon ya zo ya hana ni."

Na buɗe baki zan rama, sai Malam ya juyo ya ce, "Juwaira, ya isa. Hukuma ce. Mu da muke sauri, me za a gani a ciki?" Alhaji Nababa ma ya ce, "Ke dai kin cika fitina, ki bari mu wuce." Yaya ta matsa mini hannu, wato in yi shiru. Na haɗiye maganata.

Malam ya zana mabuɗin wayar da yatsansa, ya miƙa da hannu biyu, yadda yake miƙa wa baƙo ruwa.

Ɗan sandan ya jingina da motar yana shafa fuskar wayar. Wai masu kai wa ɓarayin mutane rahoto suke nema. Ya wuce hoton gero, ya wuce hoton rago. Sai na ga yatsansa ya tsaya. Ya ƙura ido. Ya yi wata irin dariya da har in mutu ba zan manta ba.

"Iye! Malam! Ashe kai ma kana taɓawa? Da rawaninka da carbinka?" Ya ɗaga murya ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ga abin da Malam yake ajiyewa a waya. Wannan ai ba karatu ba ne."

Na biyun ya zo ya leƙa. Na uku ma ya taho. Malam bai gane ba, ya fito daga mota yana tambayar lafiya. Suka juya masa wayar. Da yake sun juya ta, mu ma na baya muka gani. Ni na gani. Alhaji Nababa ya gani, maƙwabcin ma ya gani. Yaya ta gani.

Hannuna ne ya ɗauki hoton nan, na san shi.

Malam ya kai hannu zai rufe wayar, aka janye. Kuma don ya wanke kansa, don su daina dariya, don ya sa su ji tausayi, sai ya faɗi abin da ya ƙarasa mu. Ya ce, "Don Allah ku rufe. Iyalina ce. Ba ta da lafiya, asibiti za mu kai ta. Ga ta nan a mota."

Ga ta nan a mota.

Duk suka juyo. Masu kaki uku, da direba, da mazan ƙauyenmu biyu da suka yi saurin sunkuyar da kai bayan sun riga sun kalla. Babu fuska a hoton, ni na tabbatar da haka. Malam ne da bakinsa ya sa masa fuska.

Dariyar ta tsaya. Dogon ya sake duban hoton, yanzu ne ya lura da kumburin. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya kashe wayar ya miƙa wa Malam, ya ce, "Allah ya ba da lafiya. Ku wuce." Shi ke nan fa. Wai Allah ya ba da lafiya! Na zage shi, ban san ma me na ce ba, Usaini ya ja mota da sauri don kada a kama ni.

Yaya ta ja hijabinta ta rufe har idonta. Hannunta da yake cikin nawa ya yi sanyi ƙalau. Mun ɗan yi gaba sai na ji muryarta, a hankali, ba kuka a ciki.

"Usaini, tsaya in sauka."

Malam ya juyo ya ce, "Mun kusa fa. Likita tana jira."

Ta ce, "Malam, ka ce mini ka goge."

Ta buɗe ƙofa tun motar ba ta gama tsayawa ba. Muka tsaya a bakin titi mu uku, ni ina roƙo, Malam yana roƙo, Ramlat tana ta kira a waya. Ta ce ita gida za ta koma, in ba mota za ta tafi a ƙasa. Kuma na san za ta iya. Muka tari wata motar muka juya. Da muka zo wucewa ta shingen, ta kifa kanta a cinyata.

Kafin magariba labari ya zaga ƙauye. Ba da mugunta ba, a'a, da tausayi. Amma tausayin ma ai da baki ake yin sa. Alhaji Nababa ya gaya wa matarsa don ta je dubiya, matarsa ta gaya wa maƙwabciya. Mata suka yi ta sallama da kwanon fura, kowace ta zauna idonta sai ya sauka a ƙirjin Yaya kafin ta ɗauke. Washegari Yaya ta ce a gaya wa ɗalibanta an ɗage karatu. Ba a sake buɗe shi ba.

Ramlat ta zo ƙarshen mako, ranta a ɓace. Ita ta karɓi wayar ta nuna mana inda hoton ya ɓuya, ta goge shi gogewa ta gaskiya. Ta zauna a bakin gadon Yaya, Malam yana tsugune a bakin ƙofa, ta yi mana bayani. Ta ce abin da na faɗa a shinge gaskiya ne. Suna iya tsayar da mota, su duba takardu, su duba kaya. Amma abin da ke cikin waya sirrin mai ita ne, kamar abin da ke cikin ɗakinsa, ba a shiga haka kawai don an ga dama. Ta ce ta san wata lauya mace da take bin irin wannan, za a iya kai ƙara, a hukunta yaron.

Na ce, "Yawwa! A kai. Ni ce shaida."

Yaya ta ce, "In an kai, me za a ce sun yi?"

Ramlat ta ce za a rubuta abin da ya faru, a faɗi abin da suka buɗe suka gani, wataƙila a nemi ita ma ta yi bayani da bakinta.

Yaya ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo. Ta ce, "Wato in je in tsaya gaban waɗansu mazan, in ba su labarin abin da waɗancan mazan suka gani. Su kuma su rubuta a ajiye. Ramlat, na gode. A bar shi."

Ramlat ta ce to a bar ƙara, amma asibiti fa? Za ta samo mota ta musamman, a bi wata hanyar, mace ce za ta duba ta, ƙofa a rufe, ba mai gani.

Ta ce, "Haka kuka ce mini da farko."

Daga bakin ƙofa Malam ya yi magana, muryarsa kamar ba tasa ba. Ya ce, "Ramlat, da na ce ba zan buɗe ba fa? Me za su yi mini?"

Ta ce, "Wataƙila su ɓata muku lokaci, Malam. Wataƙila su yi barazana, ko su ce a tafi ofis. Amma ba ka yi laifi ba. Cewa za ka yi, cikin ladabi, ba zan buɗe ba sai da takardar kotu."

Na ga leɓensa yana motsi, yana maimaitawa, kamar mai hadda.

Ni kam ban haƙura ba. Damina guda na yi ina yaƙi da Yaya. Na turo mata gwaggonmu, na turo matar liman. Malam ya kawo mata hujja daga littafi cewa neman magani halal ne ko da a hannun namiji in larura ta kama. Ta ce ta sani, ita ma ta karantar da hakan. Wata rana haƙurina ya ƙare, na tsaya a kanta na ce, "Yaya, ke wace irin mace ce? Kunya ce za ta rena miki Tahira? Kunya ce za ta yi wa Abdulkabir wanka? Don wani ɗan iska ya yi dariya sai ki kashe kanki? Wallahi wannan ba addini ba ne, taurin kai ne!"

Ta bari na gama. Ta ce, "Juwaira, zauna." Na zauna ina huci. Ta ce, "Kin ɗauka ban so in rayu ba? Sau nawa ina ɗaura niyya. In na rufe ido na ga titin nan, sai in ji dariyar, sai ƙafata ta ƙi ɗaukata. Na kasa ne, ƙanwata. Kada ki ƙara mini."

Na rungume ta, a hankali saboda ciwon, muka yi kuka har muka gaji. Tun daga ranar ban sake yi mata faɗa ba. Haushin nawa sai ya koma kan Malam. Na daina tsokanarsa, na daina gaishe shi da kyau. In na shigo ya ce, "Sannu Juwaira," sai in ce "Yawwa" in wuce. Abu ɗaya Yaya ta roƙe shi, kada ya ƙara shigo mata ɗaki da wayar. Sai ya riƙa ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalminsa. Ya rame, gemunsa ya yi fari a damina ɗaya. Gonarsa ta cika da ciyawa, sai ɗalibansa ne suka yi masa gayya suka nome.

Ciwon ya fashe wajen tsakiyar damina. Ni kaɗai take bari in wanke in ɗaure, da magungunan da Ramlat take kawowa don rage zafi. Matar da ko riga ba ta sauyawa a gabana, yanzu ni nake juya ta kamar jaririya. Duk da haka sai ta ce in tura ƙyaure tukuna, in saki labule.

Ana cirar gyaɗa ta kira ni. Ta ce, "In lokaci ya yi, ke za ki yi mini wanka. Ke da gwaggo kawai, kuma gwaggo ruwa za ta zuba, kada ta ɗaga zane." Na ce to. Ta ce, "Tahira kuma, kada ki bari ta yi irin halina. In wani abu ya same ta, ta faɗa. Ki koya mata bakin nan naki." Na yi dariya ina hawaye, na ce ai ke kika ce bakina ya yi yawa. Ta ce, "Ki kuma daina yi wa Malam fushi. Bai sani ba ne."

Ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi, ana ɗaurin gero a gonaki. Na yi mata wanka yadda ta ce, a ƙarƙashin zane, hannuna yana aiki idona yana kallon bango. Ba wanda ya ga komai. Wannan alkawarin dai na cika mata shi.

Bayan an yi sadakar arba'in na koma sana'ata, don yanzu baki ya ƙaru, Tahira da Abdulkabir suna wuni a wurina. Wata safiya na ɗauki jarkokin mai zan kai wa mai saye sari a wurina a birni. Na zo motar Usaini na tarar da Malam a gaba, zai je yi wa Ramlat godiya. Muka gaisa sama-sama. Na shiga baya, na zauna a inda muka zauna ni da ita.

Shingen yana nan inda muka bar shi. Tayoyin ma su ne. Mutanen ne dai aka sauya, ban ga dogon ba. Aka duba takardun Usaini, aka ƙwanƙwasa jarkokina. Wani gajere mai ƙiba ya zagayo ta wajen Malam, idonsa ya faɗa kan aljihun.

"Malam, kawo wayar nan. Buɗe mu gani."

Babu komai a cikinta yanzu sai karatu da hoton gero. Na ga hannun Malam ya tashi zai nufi aljihu, irin na sabo. Sai ya tsaya a hanya. Ya mai da shi kan gwiwarsa.

Ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Ba zan buɗe ba sai da takardar kotu."

Ni na gyara zama, na shirya, in ofis ne mu tafi tare, in duka ne a haɗa da ni.

Ɗan sandan ya dubi Malam. Ya ɗaga kafaɗa, ya yi hamma, ya bugi rufin motar da tafin hannu.

"To, ku wuce."

Ko sake kallonmu bai yi ba, ya riga ya ɗaga wa motar baya hannu.

Usaini ya ja. Muka wuce tayoyin, muka hau titi. Ba mu yi nisa ba, daidai inda Yaya ta sauka a wancan karon, Malam ya ce, "Usaini, ɗan tsaya." Ya buɗe ƙofa ya fita. Ya taka zuwa bakin wata gonar dawa da aka girbe, ya tsuguna a cikin karan, ya juya mana baya. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ban taɓa jin kukan babban mutum irin wannan ba, kamar ana zare masa rai.

Na sauka na je na tsaya a bayansa. Duk maganganun da na tara masa tun damina suna bakina, ba wadda ta fito.

Bai juyo ba ya ce, "Juwaira, ashe shi ke nan? Abin da zan faɗa ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Malam."

Na tsuguna nesa kaɗan da shi, na ja mayafina na rufe fuska. Motoci suna ta wucewa. Usaini ya kashe injin, ya jira mu.